Tafawa Ɓalewa: shugaba ne mai cin gashin kansa, ko yaron Sardauna?

Wani ɗalibi ya aiko mini da tambaya, ya ce: "Malam, kullum muna ganin hoton Sa Abubakar Tafawa Ɓalewa a jikin naira biyar, ana kuma ce mana ya rasu bai tara komai ba. Amma wasu na cewa shi ɗan aiken Sardauna ne kawai a Legas. Wane ne shi a gaskiya, kuma me ya bar wa ƙasar nan?"

Ɗana, na daɗe ina koyar da tarihin jamhuriya ta farko, kuma wannan tambaya takan dawo mini kusan kowace shekara. Amsata a taƙaice ita ce, mutumin nan yana da ra'ayin kansa, ya kuma nuna haka tun kafin a san za a yi Firayim Minista a Nijeriya. Sai dai kujerar da ya hau an kafa ta ne a kan ƙuri'un jam'iyyar da ba shi ke riƙe da linzaminta ba, kuma halin da ya ɗaukaka shi, wato haƙuri da neman sulhu, shi ne dai ya kasa masa a shekarunsa na ƙarshe.

Sai an fara da asalinsa, domin a nan bambancinsa da Sardauna ya faro. An haife shi a watan Disamba na 1912 a garin Tafawa Ɓalewa, cikin ƙasar Bauchi. Sunan garin daga Fulatanci yake, ma'anarsa baƙin dutse. Mahaifinsa, Yakubu Ɗan Zala, yana aiki ne a ƙarƙashin hakimin Lere. Ba jinin sarauta ba ne, kuma a Arewa ta wancan zamani wannan ba ƙaramin abu ba ne. Sardauna Ahmadu Bello tattaɓa-kunnen Sarkin Musulmi Bello ne, ya tashi da sanin cewa mulki gadon gidansu ne. Shi kuwa Abubakar, allo da alli ne suka kai shi inda ya kai. Ya yi makarantar allo, ya yi elemantare, ya wuce makarantar lardi a Bauchi, sannan ya shiga Kwalejin Katsina a 1928 ya fito a 1933. A can ya tarar da Ahmadu Bello yana gaba da shi da aji biyu. Ya dawo ya kama koyarwa a Midil ta Bauchi, har ya zama hedimasta. A wannan tsakanin ne ya rubuta Shaihu Umar, wanda ya shiga gasar ƙagaggun labarai ta Hukumar Fassara a 1933. Labarin yaro ne da aka sace aka tsallaka hamada da shi, mahaifiyarsa ta bi sawunsa ita ma ta faɗa hannun masu cinikin bayi. Nakan ce wa ɗalibaina su karanta shi da idon mai neman halin marubucin. Umar na labarin ba ya ɗaukar fansa, ba ya tayar da jijiyar wuya, yana jure abin da ya same shi yana neman ilimi. Saurayi ɗan shekara ashirin da ɗaya ne ya zaɓi wannan ya zama gwarzonsa.

Kada wannan ya sa ka ɗauka mutum ne mai sanyin baki. Bauchi ta shekarun 1940 wuri ne da ake tafka muhawara. Malam Sa'adu Zungur yana nan, Malam Aminu Kano yana koyarwa a Midil ɗin da Abubakar yake, kuma suna da dandalin tattaunawa inda ake taɓo En'e, wato hukumar mulkin gargajiya ta sarakuna, da Turawan mulki. Bayan ya yi shekara guda a sashen ilimi na Jami'ar Landan, daga 1945 zuwa 1946, sai aka zaɓe shi zuwa Majalisar Dokokin Arewa, daga nan kuma zuwa majalisar tsakiya a Legas a 1947. A can ya faɗi maganar da har yau ake jefa wa magoya bayansa, cewa tun haɗewar 1914 a takarda kawai Nijeriya take ƙasa ɗaya. Ya faɗa, kuma a lokacin abin da ya yi imani da shi ke nan.

Abin da na fi so ka riƙe daga wannan zamani shi ne watan Agusta na 1950. A zauren majalisa a Kaduna, malamin makarantar nan ya miƙe ya kawo ƙudurin a binciki tsarin En'e a gyara shi. Ya soki yadda sarki shi kaɗai yake zama wuƙa da nama a ƙasarsa, ya ce ba a jin muryar talaka, ya ambaci cin hanci da ya ratsa ma'aikatun En'e daga sama har ƙasa. Ka tuna waɗanda yake magana a kansu su ne ke da 'yan doka, da kotun alƙali, da gidan yari. Da ƙyar ƙudurin ya tsallake, sarakuna da dama kuma ba su ji daɗinsa ba. Amma daga nan aka fara binciken da ya kai ga dokar En'e ta 1954, inda aka wajabta wa sarki yin aiki tare da majalisarsa. Duk wanda ya ce maka Tafawa Ɓalewa ɗan amshin shata ne, ka tambaye shi wa ya aike shi ya yi wannan jawabi. A lokacin Sardauna bai zama shugaban jam'iyya ba, jam'iyyarsu ta NPC ma ba ta zama ta siyasa ba sai a 1951.

Daga 1952 ya zama ministan ayyuka a Legas, sannan ministan sufuri. Yana cikin wakilan Arewa da aka yi wa ihu a titunan Legas a 1953, bayan Anthony Enahoro ya kawo ƙudurin a ba da mulkin kai a 1956, 'yan Arewa suka ce a jira sai lokacin da ya dace. Tsoron da ke ransu a fili yake: Arewa ba ta da isassun masu ilimin boko, idan Turawa suka tafi da wuri ma'aikatan Kudu ne za su cike ofisoshi. Abin ya kai ga tarzomar Kano a watan Mayu na shekarar, ya kai Arewa ta fito da buƙatu takwas da suka yi kusa da raba gari. To mutumin da ya sha wannan wulaƙanci shi ne ya je Amurka a 1955 don duba yadda ake sufuri a manyan kogunansu, ya ga mutane daga asali daban-daban sun zama ƙasa guda, ya dawo yana cewa ya sauya tunani a kan haɗin kan Nijeriya. Ina ganin wannan sauyi na gaske ne, domin ayyukansa sun bi bayansa. Da aka naɗa shi Firayim Minista a ƙarshen Agusta 1957, bai tsaya ga abokan ƙawancensa ba, ya jawo har jam'iyyar AG ta Awolowo cikin gwamnati, don a tunkari Ingila da murya ɗaya a maganar 'yanci.

Yanzu ga zancen Sardauna. A taron jam'iyyar NPC na 1954 a Jos, Sardauna ya zama shugaba, Abubakar mataimaki. Tsarin mulkin wancan lokaci ya ba jihohi uku ƙarfi ƙwarai: kuɗin gyaɗa da auduga na hukumar ciniki, makarantu, En'e, filaye, duk a hannun Firimiya suke. Sardauna, wanda shi ne Firimiyan Arewa, ya ga ikon gaske yana Kaduna, ga shi kuma ba ya ƙaunar zaman Ikko, sai ya zauna. Shi ke da bakin magana a kan wanda zai tsaya takara, don haka 'yan majalisar da suka ɗaga hannu suka riƙe gwamnatin tarayya, da yawansu Gamji suke kallo kafin su kalli Firayim Minista. A zaɓen Disamba 1959 NPC ta sami kujeru 134 cikin 312, NCNC ta Azikiwe da ƙawarta NEPU ta Malam Aminu Kano suka sami 89, AG ta sami 73. Kujerun NPC kusan duk daga Arewa suka fito, domin jam'iyya ce ta 'yan Arewa, takenta ma Arewa ɗaya al'umma ɗaya. Wannan shi ne gaskiyar da ke cikin maganar masu cewa yaron Sardauna ne. Jagoran gwamnatin ƙasa baki ɗaya, amma ƙafarsa a kan jiha ɗaya take tsaye, kuma ba shi ne mai gidan jihar ba.

Amma a harkokin da tsarin mulki ya danƙa wa tarayya, ya sha bin hanyarsa. Misali mafi bayyana shi ne Isra'ila. Sardauna ya fito fili ya ƙi duk wata hulɗa da ita, gwamnatin Tafawa Ɓalewa kuwa ta bar ta ta buɗe ofishin jakadanci a Legas, ta kuma karɓi rancenta, bisa hujjar cewa Nijeriya ƙasa ce ta Musulmi da Kirista, kuma huldar waje ta tarayya ce. Abin da na fahimta daga zaman mutanen biyu shi ne, kowa ya san iyakarsa, kuma Abubakar ba ya yarda saɓaninsu ya fita kasuwa. Akwai kuma Muhammadu Ribaɗu, ministan tsaro, wanda duka biyun ke jin nauyinsa, shi ke ɗinke ɓaraka tsakanin Legas da Kaduna. Rasuwarsa a watan Mayu na 1965 babban rashi ne ga Firayim Minista, a daidai lokacin da ya fi bukatar mai ƙarfin faɗa a ji a gefensa.

Ranar 1 ga Oktoba 1960, a filin sukuwa na Legas wanda yanzu ke ɗauke da sunansa, ya karɓi takardun 'yanci daga hannun Gimbiya Alexandra. Jawabinsa ya gode wa Turawan Ingila, ya ce an san su a matsayin iyayen gida, sannan jagorori, sannan abokan aiki, kuma a kowane hali abokai. Matasa masu zafin kishi sun ji haushin wannan, suka ce mutumin Ingila ne, musamman da yake Sarauniya ta ba shi lambar Sa a farkon shekarar, ga kuma yarjejeniyar tsaro da aka ƙulla da Ingila. Ɗalibai suka yi zanga-zanga, aka soke yarjejeniyar a Janairu 1962. Zargin yana da tushe, don kuwa ya fi karkata ga Yamma, yana kuma ɗari-ɗari da Tarayyar Sobiyet. Amma ka dubi sauran. Kwana shida bayan 'yanci ya tsaya a zauren Majalisar Ɗinkin Duniya, Nijeriya ta zama ƙasa ta 99 a cikinta, kuma daga wannan murya tasa mai kauri da natsuwa ne laƙabin mai muryar zinariya ya ƙara bazuwa. Ya tura sojoji da 'yan sanda Kwango. A Janairu 1961 ya kori jakadan Faransa saboda gwajin bam ɗin nukiliya a hamadar Sahara. A taron ƙasashe renon Ingila na Maris 1961 yana cikin waɗanda suka matsa har Afirka ta Kudu ta fice saboda wariyar launin fata. Da Nkrumah na Ghana ya nemi a yi gwamnati ɗaya ta Afirka nan take, shi ya tsaya a kan a bi a hankali, kowace ƙasa da 'yancinta, kada wata ta tsoma baki a cikin gidan wata. Ƙungiyar Haɗin Kan Afirka da aka kafa a Adis Ababa a 1963 ta fi kama da ra'ayinsa fiye da na Nkrumah.

A cikin gida, hannunsa ya fi fitowa a abin da ya sani tun yana ministan sufuri: layin dogo da ya tashi daga Kuru ya bi ta Bauchi da Gombe ya isa Maiduguri a 1964, madatsar ruwa ta Kainji da aka fara a 1964, gadar Kwara tsakanin Asaba da Onitsha, matatar mai ta Fatakwal, Jami'ar Legas a 1962. A zamaninsa ne kuma aka sa tsarin rabo wajen ɗaukar hafsoshin soja, rabi daga Arewa, rubu'i-rubu'i daga Gabas da Yamma, wanda shi ne kakan abin da yanzu ake kira daidaiton wakilci a ma'aikatun tarayya.

Inda zan yi maka magana ba rufa-rufa shi ne rikicin Jihar Yamma, domin a nan jamhuriyar ta karye. A 1962 Awolowo, wanda ke jagorantar adawa a Legas, ya ɓata da mataimakinsa Akintola, Firimiyan Yamma. Jam'iyya ta nemi tsige Akintola ta ɗora Adegbenro. Aka yi jifa da kujeru a majalisar Ibadan. Cikin 'yan kwanaki, ranar 29 ga Mayu, gwamnatin tarayya ta kafa dokar ta-ɓaci, ta dakatar da gwamnatin jihar, ta naɗa Dakta Majekodunmi kantoma na wata shida. Da wa'adin ya cika, Akintola aka mayar kan kujera ba tare da sabon zaɓe ba. Kotun ƙoli ta Ingila, wadda a lokacin ita ce matakin ƙarshe na ɗaukaka ƙara, ta ba Adegbenro gaskiya a 1963, sai aka gyara tsarin mulkin jihar aka mayar da gyaran baya don hukuncin ya tashi a banza. A Satumba na shekarar aka ɗaure Awolowo shekara goma bisa laifin cin amanar ƙasa. An kuma yanki Jihar Tsakiyar Yamma daga jikin Yamma, alhali 'yan tsirarun Arewa da na Gabas masu irin wannan buƙata ba a saurare su ba, Tibi ma sojoji aka tura musu.

Daga nan abubuwa suka riƙa bin juna. An soke ƙidayar 1962 saboda gardama, ta 1963 ta ba da mutum miliyan 55.6, Arewa na da miliyan 29.8, Firimiyan Gabas Michael Okpara ya ce bai yarda ba. Ƙawancen NPC da NCNC ya watse. Zaɓen 30 ga Disamba 1964 ya zo da ƙaurace wa akwati a Gabas da wasu wurare, Shugaban Ƙasa Azikiwe ya yi kwanaki ya ƙi kiran Tafawa Ɓalewa ya kafa gwamnati, sai da manyan alƙalai suka shiga tsakani aka sasanta da gwamnati mai faɗi. Sannan zaɓen Yamma na Oktoba 1965, wanda maguɗinsa ya fito fili, jama'a suka shiga ƙona gidaje da motoci da mutane da fetur.

Ga tambayar da ban taɓa iya kare shi a kanta ba a gaban aji. A 1962, saboda faɗa a zauren majalisa, an kafa dokar ta-ɓaci cikin gaggawa. A 1965, ana kashe mutane a kan hanya wata uku, ba a kafa ba. Bambancin da kowa ya gani shi ne, a karo na farko abokin hamayya ne ke mulkin jihar, a karo na biyu abokin ƙawancen NPC ne. Na yarda yana cikin matsi, na yarda taɓa Akintola na nufin karo da Kaduna. Amma shi ne Firayim Minista, 'yan sandan tarayya da sojoji a ƙarƙashinsa suke, kuma mutumin da ya tsaya gaban sarakuna a 1950 ya san yadda ake faɗin abin da ba a so. Ya zaɓi ya jira ƙura ta lafa kamar yadda ta saba lafawa a baya, wannan karon kuma ba ta lafa ba.

Haka nan a Arewa akwai abin da ya kamata mu faɗa wa kanmu. En'en da ya nemi a gyara ita ce ta zama makamin jam'iyyarsa a lokacin zaɓe. 'Yan NEPU sun sha ɗauri da bulala a kotunan alƙalai, an hana su izinin taro, Hajiya Gambo Sawaba ta shiga gidan yari ba sau ɗaya ba ba sau biyu ba. Matan Arewa kuwa ba su jefa ƙuri'a ba a duk tsawon jamhuriyar. Waɗannan a hannun gwamnatin jiha suke, gaskiya ne, amma kujerun da aka ci ta wannan hanya su ne suka riƙe shi a Legas.

A ranakun 11 da 12 ga Janairu 1966 ya karɓi baƙuncin shugabannin ƙasashe renon Ingila a Legas, karo na farko da aka yi taron a wajen Landan, don tattauna tawayen Turawan Rodeshiya, wato Zimbabwe ta yanzu. Kwana uku bayan haka, da asubahin 15 ga wata, cikin azumin Ramadan, sojoji ƙarƙashin Manjo Emmanuel Ifeajuna suka shiga gidansa suka tafi da shi. A daren aka kashe Sardauna a Kaduna, da Akintola a Ibadan, da manyan hafsoshi irin su Birgediya Zakariya Maimalari da Kanar Kur Muhammad. Ministan kuɗi Okotie-Eboh ma bai tsira ba. Bayan kusan mako guda aka tsinci gawar Firayim Minista a gefen hanyar Legas zuwa Abeokuta, aka kai shi Bauchi aka yi masa sutura, yana da shekara 53. Duk kuskuren da na lissafa a sama, babu wanda ya halatta wannan. Kisan ya bar Gabas ba a taɓa shugabanninta na siyasa ba, Arewa ta karanta shi a matsayin na ƙabilanci, daga nan aka tafi ga juyin mulkin ramuwa na Yuli, da kashe-kashen 1966, da yaƙin basasa.

Batun cewa bai tara dukiya ba gaskiya ne. Ya shekara fiye da takwas yana Firayim Minista, ya bar gida mai sauƙi a Bauchi da gonarsa, inda yakan je hutu. Ko abokan hamayyarsa ba su zarge shi da sata ba. Sai dai ina jin ciwo idan aka taƙaita shi a wannan kaɗai, saboda dalili biyu. Na farko, tsabtar hannunsa ba ta hana wasu ministocinsa yin facaka ba, kuma bai kore su ba, domin kowannensu ginshiƙi ne na ƙawancen da ke riƙe da gwamnati. Na biyu, yabon ya rufe abin da ya fi wahala a rayuwarsa, wato mutumin da ya ce Nijeriya a takarda take ya koma ya ba da ragowar shekarunsa ga ƙoƙarin mayar da ita gaskiya, yana zaune tsakanin Sardauna da Azikiwe da Awolowo, kowannensu yana da jiha da jam'iyya da baitulmali a bayansa, shi kuwa ba shi da ko ɗaya na kansa.

Idan ka sami hali ka je kabarinsa a Bauchi. Na taɓa kai ɗalibai. Ana shiga ta wani dogon lungu mai duhu, hanya tana hawa a hankali, haske na shigowa kaɗan-kaɗan, har ka fito wani fili mai dogayen bango wanda ba shi da rufi, kabarin yana tsakiya, sama a buɗe. Ɗaliban da suka shigo suna surutu duk suka yi tsit. Da muka fito, ɗaya daga cikinsu ta tambaye ni ko da ya kafa dokar ta-ɓaci a Yamma a 1965 da sojoji ba su fito ba. Na ce mata masu juyin mulkin sun fara shirinsu tun kafin zaɓen Oktoba, don haka mai yiwuwa da sun fito duk da haka, amma da ba su sami jama'ar da za ta yi musu tafi a titunan Legas da Ibadan ba.